Kwana Arba'in da Biyu

Idan aka haifi yarinya ranar Talata da hantsi a wani gida a Kokiya ko Alajawa, cikin ƙaramar hukumar Shanono ta jihar Kano, babu wanda zai nemi kalanda kafin ya san ranar suna. Talata mai zuwa ce. Kaka ta sani, wanzami ya sani, mai sayar da rago ma ya sani, shi ya sa ba ya sassauta ciniki. Wataƙila ma yarinyar ta tashi da laƙabin Talatu har tsufanta. Haka ranar gama wanka. Tsohuwar da ke dafa wa mai jego ruwa safe da yamma tana ƙirga kwana arba'in ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta ƙara ko kwana guda, domin itacen da ake ƙonawa ba a kyauta ake samunsa ba.

Kwana biyu kacal bayan arba'in akwai wata ranar da ba ta da tsohuwa mai ƙirga ta. Ranar ce jaririya ke cika sati shida, watau kwana 42, ranar da tsarin rigakafi na Najeriya ya ce a yi mata allurar Penta ta farko, wadda ke kare ta daga mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora da ciwon hanta da wata ƙwayar cuta mai haddasa sanƙarau da ciwon huhu. Bayan sati huɗu a dawo a yi ta biyu, bayan wani sati huɗun a yi ta uku. Daga nan sai wata tara, a yi ta ƙyanda da ta shawara.

Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa cikin yara 100 a Najeriya, 65 ne suka sami Penta ta farko, amma 50 ne kawai suka kai ta uku. Waɗannan 15 da suka zube a hanya sun cancanci a tsaya a kansu. Iyayensu ba su ƙi rigakafi ba, tunda sun je sau ɗaya da ƙafarsu. Dawowar ce ta gagara. Da mashaƙo ya ɓarke a ƙarshen 2022, Kano ce ta fi kowace jiha ɗanɗana kuɗarta, kuma akasarin yaran da cutar ta kama ba su cika allurarsu ba.

A nan ne masu kwamfuta suka shigo da maganinsu, kuma maganin yana da ma'ana. Ƙirga kwanaki gaba shi ne aiki mafi sauƙi da na'ura ta iya. A wurin Excel kowace rana lamba ce kawai: 1 ga Janairun 1900 ita ce lamba 1, 1 ga Janairun 2025 kuwa 45658. Ka ƙara 28 a kan lambar, ta ba ka ranar dawowa ba tare da ta tambayi Fabrairu kwana nawa ne ba. A Google Calendar ana iya cewa alƙawari ya riƙa maimaita kansa duk bayan kwana kaza ko sati kaza. DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ginawa, wadda Najeriya ke tattara bayanan asibitocinta a kai, tana da sashen bibiyar mutum ɗaya ɗaya, kuma a cikinsa akwai gurbi biyu na wannan aikin: kwana nawa daga ranar fara rajista, da kwana nawa tsakanin zuwa da zuwa. Wanda ya tsara manhajar zai sa lamba sau ɗaya, ita kuma ta yi ta fitar da ranaku ga dubban yara.

Sauƙin ne ke sa a yi sakaci. Lambar da aka sa a wannan gurbin, a wani ofis mai sanyi a Kano ko Abuja, ita ce za ta yanke ko wata mata za ta taka sayyadarta zuwa asibiti ta tarar da allura, ko ta tarar da ƙofa a rufe.

A ɗauki Talatun nan a ce an haife ta 7 ga Janairun 2025, wadda Talata ce. Sati shida ya kai 18 ga Fabrairu, Talata. Sati goma 18 ga Maris, Talata. Sati goma sha huɗu 15 ga Afrilu, nan ma Talata. Duk lambar da bakwai ke rabawa ba saura tana dawo da mutum kan ranar da ya tashi. Yanzu a ce mai tsara manhaja ya ga 28 ta yi masa baƙo, ya ce ai wata guda ake nufi, ya rubuta 30. Daga 18 ga Fabrairu zai sauka a 20 ga Maris, Alhamis. Idan kuma ya zaɓi “wata guda” kai tsaye, daga 18 ga Maris zai faɗa 18 ga Afrilu, wadda Juma'a ce, kuma a waccan shekarar ranar hutun Ista ce a duk faɗin ƙasa.

A babban asibitin birni kwana biyu ba wani abu ba ne. A ƙaramin asibitin ƙauye kuwa rigakafi yana da ranarsa tsayayya, sauran ranakun ma'aikaciyar na iya kasancewa ta ɗauki akwatin sanyi ta bi ƙauyuka. Akwai dalili mai ƙarfi a bayan haka. Allurar ƙyanda da ta BCG suna zuwa ne a kwalba mai ɗaukar yara da yawa, kuma da zarar an haɗa maganin, bayan awa shida dole a zubar da abin da ya rage. Ga kuma batun firji da wuta. Saboda haka ake tara yara rana guda. Matar da aka ba ta Alhamis alhali ranar allura Talata ce, za ta nemi izinin maigida, ta biya ɗan acaɓa ko ta yi tafiyar ƙasa da goyo, ta isa a ce mata, “Sannu Maman jaririya, yau ba ranar allura ba ce, ki dawo Talata.” Maigidan da ya ba da kuɗin mashin yau ba lalle ne ya sake bayarwa Talata ba. A rajista za a rubuta ta cikin waɗanda suka ƙi dawowa.

Akwai kuskuren da ya fi wannan ɓoyewa, shi ne daga ina ake fara ƙirga. Yara da yawa ba sa zuwa a sati shida cif. A ce Talatu ba ta zo ba sai da ta yi sati tara. Manhajar da ke lissafi daga ranar haihuwa za ta ce ta dawo a sati goma, watau bayan kwana bakwai. Alhali ƙa'idar likitoci ita ce a bar aƙalla sati huɗu tsakanin Penta da Penta, kuma wadda aka yi da wuri haka ba a lasafta ta. A Penta, ranar farko ce kawai ake ƙirgawa daga haihuwa, sauran daga ranar da allurar baya ta shiga jiki. Ta ɗaya ɓangaren kuma, yaron da ya makara ba a sake masa daga farko, ana ci gaba ne daga inda aka tsaya. Iyaye mata da yawa ba su san wannan ba. Idan rana ta wuce sai su ɗauka abin ya lalace, ko su ji nauyin faɗan malamar asibiti, su zauna a gida. Saƙon waya da ya ce wa mutum “kin makara” ba tare da ya ƙara da “ki zo, babu komai” ba, ya ƙara mata dalilin zama ne.

Sai kuma abin da babu gurbinsa a kowace manhaja da aka kawo daga waje. Mai haihuwar fari a ƙasar Hausa sau da yawa a gidan iyayenta take wanka. Yarinyar da aka aurar a Shakogi ta Shanono na iya zama 'yar Bagwai ko Gwarzo, ko ma 'yar wani ƙauye a tsallaken iyaka cikin jihar Katsina. A can aka yi wa jaririn allurar haihuwa, a can sunansa ya shiga rajista. Tana gama arba'in sai a mayar da ita ɗakinta da gara, daga nan kuma ta shiga yawon arba'in, gida gida, dangi dangi, ana ba jariri sabulu da 'yan kuɗi. Ranar 42 takan faɗo daidai tsakiyar wannan hidima. Asibitin da ke jiranta ya riga ya zama na garin da ta baro, wanda ke kusa da ita kuma bai san da ita ba. Lissafin kwanaki daidai yake, mai alƙawarin ce ta yi ƙaura. Tambaya guda a ranar farko, “A ina za ki kasance bayan arba'in?”, ta fi kowane gyaran lamba amfani, kuma ba ta cin ko kwabo.

Abin takaici shi ne ba a cin moriyar kusancin ranakun nan biyu. Arba'in rana ce da kowa a gida ya san da ita, daga suruka har ƙanen miji. Da za a riƙa cewa “ranar allura ta farko bayan kin yi arba'in”, da an ɗora sabon alƙawari a bayan tsohon da ba a taɓa mantawa da shi ba. Maimakon haka sai a rubuta 18/02/2025 a kati da biro, a miƙa wa matar da wataƙila karatun allo ta yi, ta ninke katin ta sa cikin kwalla.

Ba wai mutanen Shanono ba su iya ƙirga lokaci ba ne. Mutanen da ke lissafin takaba wata huɗu da kwana goma, da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, da zubin adashi daga kasuwa zuwa kasuwa, da kwanakin da ke tsakanin shuka da noman fari da zuba taki, ba za a koya musu ƙirga ba. Kalandarsu ce daban. Watansu kwana 29 ne ko 30, kuma ba ya kamawa sai an gan shi, sai Sarkin Musulmi ya yi sanarwa daga Sakkwato. Shekararsu ta gaza ta Bature da kimanin kwana 11. Ranarsu da faɗuwar rana take farawa, shi ya sa daren Juma'a yake zuwa kafin wayewar garin Juma'a, alhali waya tana sauya rana da ƙarfe goma sha biyun dare. Jaririn da aka haifa bayan isha'i ranar Litinin, a bakin kakarsa daren Talata aka haife shi, a rajistar asibiti kuwa Litinin.

Google Calendar tana iya nuna kwanan watan Hijira a gefen na Miladiyya, amma lissafi ne aka yi tun da wuri, kuma yakan saɓa da ganin watan Najeriya da kwana guda. Duk da haka ya isa a yi amfani da shi a matsayin alama. A 2025 an ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, don haka allurar Talatu ta biyu ta faɗo ranar 18 ga azumi. Ce wa uwa “Talatar da ke gab da goman ƙarshe” ya fi zama a ka fiye da jerin lambobi. A shekarar dai an yi ƙaramar salla ranar Lahadi 30 ga Maris, gwamnatin tarayya ta ba da hutu Litinin da Talata. Duk yaron da aka yi wa allura ranar Talata 4 ga Maris aka ƙara masa 28, an aika shi 1 ga Afrilu, ranar da ma'aikata ke gida suna cin tuwon salla. Manhaja ba za ta san wannan da kanta ba, domin ita kanta gwamnati sai ana saura 'yan kwanaki take faɗin ranakun hutun. Mutum ne zai duba ya matsar.

Mafi tsawon rami a shekarar farko shi ne tsakanin sati goma sha huɗu da wata tara. Ga Talatu, daga 15 ga Afrilu ne zuwa 7 ga Oktoba, in ban da ɗigon sinadarin bitamin A a wata shida. Damina ɗungurungum ta shiga tsakani: shuka, noma, maimai, hanyoyi sun yanke, an yanke gero, ana shirin dawa da wake. Babu ƙwaƙwalwar da za a ɗora wa alhakin riƙe rana guda tsawon sati 25 cikin wannan aiki. A nan kam na'ura ta fi mutum, kuma duk mai cewa katin takarda ya wadatar bai yi wa iyayen adalci ba.

Shirin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina ya nuna yadda lamba 28 ke aiki idan an ba ta ƙafafu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, aka fara gwada shi a jihar Katsina a 2013, yanzu kuma ya game jihohin arewa har da Kano. Yara daga wata 3 zuwa 59 ake ba magani na kwana uku, duk bayan kwana 28, yawanci zagaye huɗu daga Yuli zuwa Oktoba, domin kariyar maganin kimanin sati huɗu take yi. Ba a ce wa uwa ta tuna ba. Masu rabo ne ke sallama a ƙofar gida, su ba da na ranar farko a gabansu, su bar mata na kwana biyu. Kalandar tana hannun ma'aikata, su ke da alhakin cika alƙawari. Inda shirin ke samun tangarɗa shi ne inda aka bar wa tunanin mutum, watau ƙwayoyin rana ta biyu da ta uku, ko kuma inda kaya suka makara zagaye ya zarce kwanakinsa.

Wannan ya kawo tambayar da masu sayar da manhaja ba su cika son a yi musu ba: idan ranar ta zo, wayar wa za ta yi ƙara? A gidaje da yawa na karkara waya guda ce, tana aljihun maigida, shi kuma da an gama kaka yana iya tafiya cin rani Kano ko Legas ko Fatakwal. Wayar da ke gida tana iya kwana biyu a shagon mai caji. An rufe layuka masu yawa a 2024 saboda ba a haɗa su da lambar NIN ba, mutane suka sayi sababbi, lambobin da ke cikin rajistar asibiti suka mutu. A 2021 an katse sadarwa gaba ɗaya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro, kuma a ƙarshen 2025 hare-haren 'yan bindiga sun taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa na kan iyaka. Iyalin da suka kwashe kaya suka koma wurin dangi ba saƙon tes ne zai nemo su ba. Idan ma saƙon ya iso, da Turanci yake zuwa, a tsakiyar tallace-tallacen kamfanin waya da ba mai buɗewa.

Wani lokacin isar saƙon ce ma matsalar. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku ana maimaita ta duk sati 13, ta wata biyu kuma duk sati 8. Lissafi ne mai sauƙi. Amma tunatarwar da ta faɗa wayar da kishiya ko suruka ko yaran gida ke dannawa tana iya tona abin da mata da miji suka rufe tsakaninsu. Kafin a sa lambar kowa a irin wannan jeri, a tambaye ta ko tana so, da kuma wace waya.

Saboda haka mai wannan shafi yake ganin an juya bakin bindigar inda bai dace ba. Ƙarar tunatarwa ta fi amfani a wayar ma'aikaciyar lafiya fiye da ta uwa. Tun kafin zuwan wayar hannu akwai dabarar akwatin katuna mai gida goma sha biyu, kowane wata da gidansa: a ajiye kwafin katin yaro a gidan watan da zai dawo, ƙarshen wata duk katin da ya rage a ciki an san mai shi bai zo ba. Manhaja wannan akwatin ce, sai dai ta fi shi kaifi, tana iya ware yaran sati sati, unguwa unguwa. Abin da ake buƙata daga gare ta shi ne jeri: ga yaran da ake jira Talata mai zuwa, ga waɗanda aka jira Talatar da ta wuce ba su zo ba, ga sunan mahaifi da unguwa.

Masu karɓar jerin ma suna nan. Kano ta sha wuya kafin ta gina su. Bayan gwajin maganin Trovan na 1996 da dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa 2004, sai da aka koma ga sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni, aka kuma ɗauki mata 'yan sa kai na cikin unguwa masu shiga gidajen suna suna rubuta jarirai, kafin a kai ga shekarar 2014 da aka ga ƙwayar shan inna ta daji ta ƙarshe a jihar, a ƙaramar hukumar Sumaila. Mai unguwa ya san gidan da aka haihu, ya san wadda ta tafi wankan gida da ranar da za a dawo da ita. Ungozoma ta sani, wanzami ya sani. A ƙaramar hukumar Shanono mai mazaɓu goma, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kimanin dubu 140, gidaje kuma kusa da juna, takarda guda da ta isa hannun mai unguwa ranar Juma'a kafin masallaci tana iya kaiwa ga kunnen kowane uba da ke cikinta kafin la'asar. Maganar da mai unguwa ya yi wa magidanci a gaban jama'a, “Malam, an ce 'yar wajenka Talata za a kai ta asibiti”, nauyinta daban ne da na saƙon da ba a san mai aiko shi ba.

Gyaran da ake nema a cikin manhajar kansa bai taka kara ya karya ba. A ƙirga da sati, kada a ƙirga da wata, sai a alluran da aka ɗaure da watannin haihuwa. A fara daga ranar da aka yi allurar baya. Idan ranar da ta fito ba ranar allura ba ce a wannan asibitin, a tura ta gaba zuwa ranar allura mafi kusa, kada a jawo ta baya. A fito da sunan ranar da Hausa, da manyan baƙaƙe, har da ajami in da hali, a gefen lambobin. A bar gurbin rubuta garin da uwa za ta koma. Ma'aikacin da ke da Excel a tsohuwar kwamfutar ofishin lafiya na ƙaramar hukuma zai iya yin rabin wannan da yammaci guda, idan akwai wuta.

Sauran rabin a bakin malamar asibiti yake, a daidai lokacin da take danna auduga a cinyar jaririya tana kuka. Waya ta riga ta ba ta 18 ga Maris. Abin da za ta faɗa wa uwar shi ne, “Maman Talatu, ki bar Talata uku su wuce, ta huɗun ki dawo mini da ita. Cikin azumi ne, ki zo da sassafe kafin rana ta yi zafi. In wani abu ya hana ki, ki zo Talatar gaba, ba zan yi faɗa ba.” Sannan ta juya ga tsohuwar da ta rako su, wadda ta gama ƙirga arba'in shekaranjiya, ta ce, “Inna, ke na bar wa lissafin.”